Zanga-zangar Chicago ta 1968

Zanga-zangar Chicago ta 1968 jerin taruka ne da tattaki da ɗalibai da matasa masu adawa da yaƙin Vietnam suka yi a birnin Chicago da ke jihar Illinois a ƙasar Amurka, a makon da jam'iyyar Democrat ta yi babban taronta na tsayar da ɗan takarar shugaban ƙasa. An gudanar da taron jam'iyyar daga ranar 26 zuwa 29 ga watan Agusta, 1968, amma masu zanga-zangar sun fara hallara kwanaki kafin haka. Yawansu bai wuce kimanin mutum 10,000 ba, yayin da jami'an tsaron da aka tanada dominsu suka ninka su fiye da sau biyu. Arangamar da aka yi tsakanin ɓangarorin biyu, musamman ta daren 28 ga wata wadda aka nuna a talbijin, ta zama ɗaya daga cikin abubuwan da aka fi tunawa da su a tarihin siyasar Amurka ta ƙarni na 20.

Masu zanga-zangar ba su cim ma abin da suka fito nema a lokacin ba. Jam'iyyar ta ƙi sauya manufarta game da yaƙin, kuma Richard Nixon na jam'iyyar Republican ne ya ci zaɓen watan Nuwamba. Sai dai rikicin ya tilasta wa jam'iyyar Democrat sake tsarin da take bi wajen fitar da ɗan takara, kuma wannan sauyin ne ya ba zaɓen fidda gwani matsayin da yake da shi a Amurka a yau.

Tushen lamarin

A farkon shekarar 1968 Amurka na da sojoji kusan rabin miliyan a Kudancin Vietnam. Gwamnatin Shugaba Lyndon Johnson ta daɗe tana gaya wa jama'a cewa nasara ta kusa. A ƙarshen watan Janairu na shekarar, dakarun Arewacin Vietnam da mayaƙan Viet Cong suka kai hare-hare a lokaci guda kan birane da garuruwa da dama, abin da aka sani da farmakin Tet. Ko da yake an fatattake su da asara mai yawa, farmakin ya sa Amurkawa da yawa suka daina yarda da maganar gwamnati. Shekarar ce ta fi kowace muni ga sojojin Amurka a yaƙin, domin fiye da 16,000 daga cikinsu ne suka mutu a cikinta.

Yaƙin ya fi shafar matasa saboda dokar shiga soja dole. Kowane namiji da ya cika shekara 18 sai ya yi rajista, kuma ana iya kiransa a tura shi fagen daga. Amma a mafi yawan jihohi sai mutum ya kai shekara 21 kafin ya sami damar jefa ƙuri'a. Ke nan akwai miliyoyin samari da doka ta yarda a tura su yaƙi, amma ba ta ba su ikon zaɓen wanda zai tura su ba. Ɗaliban jami'a suna iya samun jinkiri har su gama karatu, abin da ya sa nauyin ya fi faɗa wa 'ya'yan talakawa da baƙaƙen fata.

A cikin jam'iyyar Democrat, Sanata Eugene McCarthy na jihar Minnesota ya fito takara da Johnson a kan batun yaƙin. Dubban ɗalibai suka bar makarantunsu suka tafi yi masa kamfe gida-gida, wasunsu har suka aske gemu da gashin kai don kada su firgita masu jefa ƙuri'a. A zaɓen fidda gwani na jihar New Hampshire ranar 12 ga Maris, McCarthy ya sami kashi 42 cikin 100, Johnson kuwa 49. Bayan kwana huɗu Sanata Robert Kennedy shi ma ya shiga takarar, sannan ranar 31 ga Maris Johnson ya sanar da cewa ba zai sake tsayawa ba.

Bayan haka al'amura suka ƙara dagulewa. An kashe Martin Luther King ranar 4 ga Afrilu a Memphis, tarzoma ta ɓarke a birane fiye da ɗari, har da Chicago. An harbe Robert Kennedy ranar 5 ga Yuni a Los Angeles, jim kaɗan bayan ya ci zaɓen fidda gwani na California, ya rasu washegari. Mataimakin shugaban ƙasa Hubert Humphrey, wanda ke goyon bayan manufar Johnson, bai shiga zaɓen fidda gwani ko ɗaya ba, amma ya tara wakilai mafi yawa. Dalili kuwa shi ne a wancan zamani ƙasa da rabin jihohi ne ke yin irin wannan zaɓe. A sauran, gwamnoni da magadan gari da shugabannin jam'iyya ne ke zaɓo wakilai. Matasan da suka yi wa McCarthy da Kennedy aiki suka ga cewa ƙuri'un da suka tara ba za su hana a tsayar da Humphrey ba.

Ƙungiyoyin da suka shirya

Ba ƙungiya ɗaya ce ta shirya zanga-zangar ba, kuma waɗanda suka shirya ta sun sha bamban a manufa da salo.

Babbar cikinsu ita ce National Mobilization Committee to End the War in Vietnam, wadda ake kira MOBE a taƙaice. Gamayya ce ta ƙungiyoyi da yawa, kuma ita ce ta shirya tattakin da aka yi zuwa Pentagon, hedkwatar ma'aikatar tsaron Amurka, a watan Oktoban 1967. Shugabanta David Dellinger, mai shekara 53 a lokacin, tsohon mai aƙidar ƙin yaƙi ne da ya taɓa zaman kurkuku saboda ƙin yin rajistar soja a zamanin yaƙin duniya na biyu. Ya damƙa aikin Chicago a hannun matasa biyu, Rennie Davis da Tom Hayden. Burin MOBE shi ne a tara ɗimbin jama'a a yi tattaki cikin lumana zuwa ƙofar zauren taron.

Ta biyu ita ce Youth International Party, wadda ake kiran 'ya'yanta Yippies. Abbie Hoffman da Jerry Rubin da Paul Krassner da wasu abokansu ne suka ƙirƙire ta a New York a jajibirin sabuwar shekarar 1968. Ba ta da rajistar mambobi ko tsarin shugabanci. Makaminta shi ne barkwanci da wasan kwaikwayo a bainar jama'a don jan hankalin kafafen watsa labarai. Sun sanar da cewa za su yi "Bikin Rayuwa" na kaɗe-kaɗe a filin shaƙatawa na Lincoln, a matsayin kishiyar taron jam'iyyar da suka kira taron mutuwa.

Ta uku ita ce Students for a Democratic Society, wato SDS, ƙungiyar ɗalibai masu ra'ayin sauyi mafi girma a jami'o'in Amurka a lokacin. Hayden da Davis duk daga cikinta suka fito, kuma Hayden ne ya rubuta mafi yawan sanarwar manufofinta ta Port Huron a 1962. Shugabannin SDS na 1968 ba su so zuwa Chicago ba da farko, don suna ganin siyasar jam'iyyu ɓata lokaci ce, suna kuma tsoron za a zubar da jini. Daga baya suka tura 'yan ɗaruruwan mambobi da niyyar jawo matasan McCarthy da suka yanke ƙauna.

Akwai kuma magoya bayan McCarthy, da malaman coci, da likitoci da ma'aikatan jinya 'yan sa-kai, da matasan unguwannin Chicago da suka shiga daga baya. Manyan ƙungiyoyin baƙaƙen fata ba su shiga sosai ba, ko da yake Bobby Seale, shugaban jam'iyyar Black Panther, ya zo ya yi jawabi.

Shirye-shirye da batun izini

A watan Maris na 1968 wakilan ƙungiyoyi da dama suka yi taro a Lake Villa, kusa da Chicago, don tsara abin da za a yi, amma suka watse ba tare da cikakkiyar matsaya ba. Janyewar Johnson ta ƙara rikita su, domin shi ne wanda suka yi niyyar fuskanta. Kisan Kennedy ne ya farfaɗo da shirin, da ta bayyana cewa Humphrey za a tsayar.

Magajin garin Chicago, Richard J. Daley, yana ɗaya daga cikin masu faɗa-a-ji a jam'iyyar Democrat, kuma ya ƙudurta cewa ba za a kunyata birninsa ba. Bayan tarzomar watan Afrilu ya fito fili ya ce kamata ya yi 'yan sanda su harbe masu cinna wuta har lahira, su kuma raunata masu wawure dukiya. Ranar 27 ga Afrilu 'yan sanda suka tarwatsa wani tattakin lumana na adawa da yaƙin a tsakiyar birnin da kulake. Waɗannan abubuwa biyu sun zama gargaɗi ga duk mai niyyar zuwa a watan Agusta.

MOBE da Yippies sun nemi izinin yin tattaki da na kwana a filayen shaƙatawa, domin mafi yawan masu zuwa ba su da kuɗin otal. Jami'an birnin suka yi ta jan ƙafa tsawon watanni. Da ƙungiyoyin suka kai ƙara kotun tarayya, alƙali William Lynch, wanda tsohon abokin aikin lauya ne na Daley, ya ƙi tilasta wa birnin. A ƙarshe izini guda aka bayar, na gangami a filin Grant ranar 28 ga wata da rana. Dokar rufe filayen shaƙatawa da ƙarfe 11 na dare ta ci gaba da aiki, kuma a kanta ne aka yi mafi yawan faɗan farkon makon.

Barkwancin Yippies ya ƙara rura wutar. Sun yi ta yaɗa cewa za su zuba ƙwayar LSD mai sa maye a ruwan shan birnin, abin da ba mai yiwuwa ba ne, amma hukumomi suka sa masu gadi a tashoshin ruwa. An sa 'yan sandan birnin kusan 12,000 aikin sa'a 12 a kowace rana, aka kira dakarun National Guard na jihar kimanin 6,000, aka kuma kawo sojojin tarayya kimanin 6,000 aka ajiye su a bayan gari. A barikin Fort Hood na Texas an kama sojoji baƙaƙen fata 43 da suka ƙi yarda a tura su wannan aiki. An kewaye zauren taron, International Amphitheatre, da waya mai ƙaya. Jami'an leƙen asiri kuma sun kutsa cikin ƙungiyoyin, har ɗaya daga cikinsu ya zama mai tsaron lafiyar Jerry Rubin.

Duk wannan ya rage yawan masu zuwa. Masu shiryawa sun yi fatan mutum 100,000 ko fiye, amma McCarthy kansa ya roƙi magoya bayansa su zauna a gida, wasu jaridun matasa kuma suka gargaɗi masu karatunsu game da haɗarin. Waɗanda suka zo sun buɗe cibiyoyi a coci-coci, suka horar da masu kula da tsarin tattaki a filin Lincoln, suka tanadi lauyoyi da wuraren ba da agajin gaggawa, suka kuma riƙa buga takardar labarai ta kullum ana mannawa a bango.

Yadda makon ya kasance

Ranar Alhamis 22 ga Agusta 'yan sanda suka harbe wani saurayi mai shekara 17 daga jihar South Dakota kusa da filin Lincoln. Sun ce ya zaro musu bindiga. An yi masa taron makoki, wanda ya zama taro na farko a makon.

Ranar Juma'a 23 ga wata Yippies suka kawo alade tsakiyar birnin, suka sa masa suna Pigasus, suka ayyana shi ɗan takararsu na shugaban ƙasa. 'Yan sanda suka kama Rubin da mawaƙi Phil Ochs da wasu mutum biyar, suka kuma tafi da aladen.

Ranar Lahadi 25 ga wata aka buɗe Bikin Rayuwa a filin Lincoln. Daga cikin ƙungiyoyin mawaƙan da aka gayyata, MC5 ta birnin Detroit ce ta zo ta yi wasa. Da ƙarfe 11 na dare ya yi, 'yan sanda suka kori jama'a daga filin da kulake, suka bi su cikin titunan unguwar. An maimaita haka daren Litinin da na Talata da barkonon tsohuwa. Wasu masu zanga-zangar sun yi jifa da duwatsu da kwalabe, sun farfasa gilasan motocin 'yan sanda, sun kuma yi ta zaginsu. 'Yan sanda kuwa sun doki wanda ya tsokane su da wanda bai tsokane su ba, har da 'yan jarida da mazauna unguwar. Wasunsu sun cire bajen da ke ɗauke da lambarsu don kada a gane su. A daren Talata wasu malaman coci suka shiga filin da babban gicciye na katako don su tsaya tsakani, su ma aka watsa musu hayaƙin. Marubuta irin su Allen Ginsberg da Norman Mailer da William Burroughs da Jean Genet na Faransa suna cikin waɗanda suka shaida abin da ya faru a makon.

Ranar Litinin da rana, wato ranar da aka buɗe taron jam'iyyar, masu zanga-zangar suka mamaye mutum-mutumin Janar John Logan da ke filin Grant suna ɗaga tutoci, 'yan sanda suka sauko da su da ƙarfi. Filin Grant yana fuskantar otal ɗin Conrad Hilton, inda Humphrey da McCarthy da wakilai da yawa suka sauka. Shi ya sa daga ranar Talata hankali ya koma can. Kwanaki kaɗan kafin haka ne dakarun Tarayyar Sobiyet da ƙawayenta suka mamaye Czechoslovakia, kuma masu zanga-zangar sun yi ta kwatanta Chicago da birnin Prague.

Ranar 28 ga Agusta

Ranar Laraba ce rikicin ya kai ƙololuwa. Da rana kimanin mutum 10,000 suka taru a filin Grant don gangamin da aka ba izini. Wani saurayi ya hau sandar tuta ya sauko da tutar Amurka. 'Yan sanda suka kama shi, jama'a suka fara jifa, sai rundunar 'yan sanda ta kutsa cikin taron da duka. An fasa wa Rennie Davis kai har ya suma.

A daidai wannan lokaci wakilai na muhawara a zauren taron kan wani ƙuduri da ke neman a dakatar da ruwan bama-bamai a Arewacin Vietnam ba tare da sharaɗi ba. An kayar da ƙudurin da ƙuri'a kimanin 1,567 a kan 1,041. Labarin ya iso filin ta ƙananan rediyoyi.

Dellinger ya jera dubban mutane don tattaki zuwa zauren taron, wanda ke da nisan kilomita da yawa a kudancin birnin, amma 'yan sanda suka tare hanya. Dakarun National Guard suka toshe gadojin da ke fita daga filin, suna harba barkonon tsohuwa. Jama'a suka sami wata gada a buɗe ta arewa, suka kwarara kan titin Michigan, inda suka haɗu da ayarin kekunan alfadarai na gangamin talakawa da Ralph Abernathy ke jagoranta, wanda shi yana da izini. 'Yan sanda suka bar ayarin ya wuce, suka tsare sauran a mahaɗar titin Michigan da Balbo, a gaban otal ɗin Hilton.

Wajen ƙarfe 8 na dare 'yan sanda suka afka wa taron. Sun yi ta duka kusan minti 17 a ƙarƙashin fitilun masu ɗaukar hoton talbijin, jama'a na ta ihu cewa duk duniya tana kallo. An matse wasu mutane a jikin tagar gilashi ta wani ɗakin shaƙatawa na otal ɗin har ta fashe, suka faɗa ciki, 'yan sanda suka bi su. Hayaƙi ya shiga otal ɗin har ya kai benen da Humphrey yake.

A cikin zauren taron

Yajin aikin ma'aikatan tarho ya hana gidajen talbijin watsa abin da ke faruwa a titi kai tsaye, don haka sai da aka kai faifan kafin a nuna. Hotunan sun fita ne a daidai lokacin da ake gabatar da 'yan takara, miliyoyin mutane suka ga ana sauyawa tsakanin jawabai a zaure da duka a titi. Sanata Abraham Ribicoff na Connecticut, wanda ya hau mumbari don gabatar da Sanata George McGovern, ya zargi hukumomin birnin da amfani da dabarun Gestapo, wato 'yan sandan asirin Jamus na zamanin Hitler. Kyamara ta nuna Daley a tsaye yana mayar masa da martani cikin fushi. Kwana guda kafin nan, masu gadin zauren sun naushi wakilin gidan talbijin na CBS, Dan Rather, ana cikin watsa shiri.

A daren aka tsayar da Humphrey a zagayen farko da ƙuri'a fiye da 1,700, McCarthy ya sami 601. Washegari aka zaɓi Sanata Edmund Muskie na Maine a matsayin abokin takararsa. A ranar ce McCarthy ya tsallaka titi ya yi wa jama'ar filin Grant jawabi, ɗan wasan barkwanci Dick Gregory kuma ya jagoranci wani tattaki da aka tare aka kama shi tare da wasu wakilan jam'iyyar. Da asubahin Juma'a 30 ga wata 'yan sanda suka shiga ɗakunan ma'aikatan kamfen ɗin McCarthy a hawa na 15 na otal ɗin Hilton, bisa zargin ana jefo abubuwa daga tagogi, suka doki wasu daga cikinsu.

Rahoton Walker da ra'ayin jama'a

An kama mutum 668 a makon. 'Yan sanda 192 sun ji rauni, haka ma ɗaruruwan masu zanga-zanga da 'yan kallo. 'Yan jarida fiye da 60 ne aka doka, ko aka kama, ko aka farfasa musu kayan aiki.

Hukumar ƙasa mai binciken musabbabin tashe-tashen hankula, ƙarƙashin Milton Eisenhower, ta ɗora wa wani lauyan Chicago mai suna Daniel Walker alhakin bincike. Ayarinsa ya duba bayanan shaidu fiye da 3,400 da hotuna da faifai. Rahoton, mai suna Rights in Conflict, ya fito ranar 1 ga Disamba, 1968. Ya tabbatar da cewa an tsokani 'yan sanda da zagi da jifa, kuma da yawansu sun yi aikinsu yadda ya kamata, amma ya ce wasu sun yi duka ba kan gado, abin da ya kira tarzomar 'yan sanda. Daley ya kare jami'ansa, ya kuma ƙara musu albashi. Walker ya zama gwamnan Illinois a 1973.

Ƙuri'un jin ra'ayi da aka yi bayan taron sun nuna cewa mafi yawan Amurkawa na goyon bayan 'yan sanda, har da wasu da ke adawa da yaƙin. Nixon ya gina kamfensa a kan alƙawarin dawo da doka da oda. A zaɓen 5 ga Nuwamba ya sami kashi 43.4 cikin 100, Humphrey 42.7, George Wallace kuma 13.5. Tazarar Nixon da Humphrey kimanin ƙuri'a rabin miliyan ce. Masana tarihi na saɓani kan yawan rawar da hotunan Chicago suka taka a wannan sakamako.

Shari'ar mutum takwas

Antoni Janar na gwamnatin Johnson, Ramsey Clark, bai ga dalilin gurfanar da shugabannin zanga-zangar ba. Bayan Nixon ya hau mulki, ranar 20 ga Maris, 1969, aka tuhumi mutum takwas: Dellinger, Davis, Hayden, Hoffman, Rubin, Seale, John Froines da Lee Weiner. An zarge su da haɗa baki da tsallaka iyakar jiha da niyyar tayar da tarzoma, a ƙarƙashin wani sashe na dokar 'yancin jama'a ta 1968. An kuma tuhumi 'yan sanda takwas, amma babu wanda aka samu da laifi a cikinsu.

An fara shari'ar ranar 24 ga Satumba, 1969, a gaban alƙali Julius Hoffman, wanda ba shi da dangantaka da Abbie Hoffman. William Kunstler da Leonard Weinglass ne lauyoyin waɗanda ake tuhuma. Lauyan Seale yana jinya, alƙalin ya ƙi ɗage zaman, ya kuma hana Seale kare kansa. Da Seale ya ci gaba da magana, alƙalin ya sa aka ɗaure shi a kujera aka toshe masa baki a gaban kotu. Daga baya aka ware shari'arsa, aka yanke masa ɗaurin shekara 4 kan raina kotu. Daga nan ake kiran sauran "Bakwai na Chicago". Sun mayar da kotun wani fagen zanga-zanga. Wata rana Abbie Hoffman da Rubin sun shigo sanye da rigunan alƙalai.

Ranar 18 ga Fabrairu, 1970, masu taya alƙali yanke hukunci suka wanke dukkan bakwai ɗin daga laifin haɗa baki. An sallami Froines da Weiner, aka sami sauran biyar da laifin tsallaka iyakar jiha don tayar da tarzoma, aka yanke wa kowanne ɗaurin shekara 5 da tarar dala 5,000. Alƙalin ya kuma yanke wa dukkansu da lauyoyinsu biyu ɗauri kan raina kotu. Ranar 21 ga Nuwamba, 1972, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta soke hukuncin mutum biyar ɗin, tana mai nuni da ƙiyayyar da alƙalin ya nuna wa ɓangaren masu kariya. Gwamnati ba ta sake gurfanar da su kan wannan tuhuma ba.

Tasiri

Babban sauyin ya zo ne daga cikin jam'iyyar. Taron na 1968 ya amince a kafa kwamitin sake duba yadda ake zaɓen wakilai, wanda aka sani da kwamitin McGovern da Fraser. Sababbin ƙa'idojin sun wajabta a riƙa zaɓen wakilai a fili, a kuma ba mata da matasa da tsiraru wakilci daidai gwargwado. Jihohi da yawa suka ga hanya mafi sauƙi ita ce su koma zaɓen fidda gwani, kuma dokokin jihohin sun shafi jam'iyyar Republican ita ma. A taron 1972 a Miami Beach an hana tawagar Daley kujerunta saboda saɓa ƙa'idojin, aka ba wata tawaga da Jesse Jackson ke cikin jagororinta. McGovern ne ya sami takarar a shekarar, amma Nixon ya kayar da shi da gagarumin rinjaye. A 1971 aka yi wa tsarin mulkin Amurka gyara na 26, wanda ya mayar da shekarun jefa ƙuri'a 18.

A ɓangaren ɗalibai, Chicago ta raba kawuna. SDS ta tarwatse a taronta na watan Yunin 1969, wani ɓangarenta mai suna Weatherman ya rungumi tashin hankali, ya yi kwanaki yana fashe-fashe a Chicago a watan Oktoban shekarar, daga baya ya shiga dasa bama-bamai. Mafi yawan masu adawa da yaƙin sun bi hanyar lumana, kuma ranar 15 ga Oktoba, 1969, miliyoyin mutane suka fito a garuruwa daban-daban na ƙasar. An daina kiran matasa soja dole a 1973, shekarar da aka sa hannu kan yarjejeniyar Paris, yaƙin kuma ya ƙare a watan Afrilun 1975.

Jam'iyyar Democrat ba ta koma Chicago da babban taronta ba sai 1996, lokacin da Richard M. Daley, ɗan tsohon magajin garin, ke riƙe da birnin. Tom Hayden, wanda ya zama sanata a majalisar jihar California, ya halarci taron a matsayin wakili. An sake yin taron a birnin a watan Agustan 2024, inda dubban mutane suka yi tattakin adawa da yaƙin Gaza, abin da ya sa kafafen watsa labarai suka yi ta kwatanta shi da na 1968.

Daga cikin ayyukan da aka yi kan lamarin akwai littafin Norman Mailer mai suna Miami and the Siege of Chicago na 1968, da fim ɗin Medium Cool na Haskell Wexler na 1969, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a tsakiyar zanga-zangar, da fim ɗin The Trial of the Chicago 7 na Aaron Sorkin da ya fito a 2020.